Hanyar Ido Dabam, Hanyar Harsashi Dabam

Hausawa sukan ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. A wajen ciniki, ko noma, ko neman ilimi, maganar nan gaskiya ce, gama samun kaɗan ya fi rashi. Amma a wajen farauta kanta, inda aka samo karin maganar, ni ban yarda da ita ba. Naman da aka kuskure ya tsira da lafiyarsa, gobe ma rana ce. Wanda aka harba a wutsiya kuwa, ko a ciki, ko a muƙamuƙi, yakan shige ciyawa da rauni, ya kwana biyu ko uku yana shan azaba, sa'an nan ya mutu inda ba mai ganinsa. Mafarauci bai ci ba, iyalinsa ba su ci ba, sai ungulu da ƙudaje. In kuwa aladen daji ne ko mugun dawa, ya zama haɗari ga duk wanda ya bi ta wurin, ko mace mai neman itace, ko yaro mai kiwo.

Ni malamin makaranta ne, lissafi da kimiyya nake koyarwa, ba ni da bindiga kuma. Amma na tashi cikin dangin mafarauta. Kakanmu da kwari da baka ya yi tasa farautar, iyayenmu suka yi da adaka. Yanzu ga bindigogi masu madubin saiti, watau ɗan madubin hangen nesa da ake ɗaurawa a bisa bindiga domin ya jawo nama kusa da ido. Mutane da yawa suna tsammani wanda ya sami madubin nan ya gama da kuskure. Ina so in nuna wa masu karatu abin da ya sa ba haka ba ne, da kuma ɗan lissafin da yake gyara al'amarin. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba.

Abin da ya sami kawuna

Ina da kawu, tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya yi ritaya. Yana da ƙaramar bindiga irin wadda ake kira .22, da lasisinta, yana tsaron gonarsa ta shinkafa da rogo da ita saboda gyazbi da zomaye. Da idonsa ya fara raguwa, sai ɗansa ya aiko masa da madubin saiti. Ya ɗaura, ya tafi wani rami inda ake haƙar ƙasar gini, ya kafa kwali a nisan mita 10 domin ya riƙa ganin hudar da kyau, ya yi ta juya madubin har harsashi yana faɗawa daidai tsakiyar alama. Ya koma gida da murna.

Bayan mako biyu ya aiko a kira ni. Na same shi a ƙofar gida da bindigar a kan cinyarsa. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ku da kuka yi karatu, zo ka gaya mini. Harsashi yana hawa sama da kansa ne?"

Na ce, "Kawu, me ka gani?"

Ya ce, "A rami ba ta kuskure ko da ƙwayar gyaɗa. A gona kuwa, in nama ya kai taki sittin, sai ta bi ta kansa. Shekaranjiya na auna gyazbi a kafaɗa, ta shafi gadon bayansa, ya shige ciyawa yana jan ƙafa. Yau da safe wari ne ya kai ni inda yake. Shekara talatin ina riƙe da bindiga, ban taɓa barin dabba ta mutu haka ba."

Na ga abin ya dame shi ƙwarai, ba don naman ba. Na ce masa bindigarsa lafiya take, madubin ma lafiya yake, hannunsa kuma bai yi rawa ba. Muka ɗauki tsinke muka zana abin a ƙasa.

Hanyoyi biyu

Abu na fari shi ne, madubi yana zaune a bisa bututun bindiga, ba a cikinsa ba. In ka auna daga tsakiyar bututu zuwa tsakiyar madubi, galibi za ka sami wajen santimita 4, watau inci ɗaya da rabi, kamar faɗin yatsu biyu. Ido yana dubawa ta sama, harsashi yana fita ta ƙasa. Tun daga bakin bindiga, hanyoyinsu biyu ne.

Abu na biyu, hanyar ido miƙaƙƙiya ce sak, kamar igiyar magini. Hanyar harsashi kuwa tana lanƙwasa, gama ƙasa tana jan kowane abu, kome saurinsa. A aji nakan nuna wa yara wannan da kwabo biyu. Nakan ajiye su a gefen tebur, in ture ɗaya ya faɗi tsaye, in ɗalle ɗayan ya tashi can tsakiyar ɗaki, a lokaci guda. Yara sukan rufe ido su kasa kunne, sai su ji ƙara ɗaya tak. Wanda ya yi nisa da wanda ya faɗi a gindin tebur tare suka taɓa ƙasa. Gudun gaba bai hana faɗuwa ba. Wani masani mutumin Italiya, Galileo, shi ne ya bayyana wannan a littafinsa na shekarar 1638. Ya nuna kuma in lokaci ya ninka biyu, faɗuwa takan ninka huɗu. Abin da aka saki yakan faɗi mita 4.9 a sakan na fari. A kashi ɗaya cikin goma na sakan kuwa, wajen santimita 5 ne. Bayansa, a 1742, wani Bature ɗan Ingila, Benjamin Robins, ya ƙago hanyar auna gudun harsashi, ya tabbatar iska tana rage masa gudu fiye da yadda ake zato a dā.

To, harsashin kawuna yana fita da gudun mita 330 a sakan ɗaya, ko kusa da haka. Kafin ya kai mita 25 ya faɗi santimita 3. A mita 50 ya faɗi santimita 12. A mita 100 faɗuwarsa ta wuce rabin mita.

Tun da yake harsashi ya fara daga ƙasa da ido, yana kuma ta faɗuwa, yaya za a yi su haɗu? Sai an ɗan ɗaga bakin bindiga sama. Wannan shi ne ainihin abin da mutum yake yi sa'ad da yake juya madubi, ko da yake ɗagawar ƙanƙanuwa ce, ido ba ya ganinta. Kamar mai jefa wa magini tubali ne, ba ya miƙa jifar sak, sai ya ɗan ɗaga hannu. Saboda haka harsashi yakan fita daga ƙasa, ya hau ya ƙetare hanyar ido, ya ɗan yi tafiya a bisanta, sa'an nan ya sauko ya sāke ƙetare ta, daga nan sai gangara. Wuri biyu kaɗai hanyoyin nan suke haɗuwa, mahaɗa ta kusa da mahaɗa ta nesa. A duk sauran wurare, inda ido ya duba dabam, inda harsashi ya faɗa dabam.

Amsar tambayar kawuna ke nan. Harsashi ba ya hawa da kansa, bututu ne yake duban sama. Da ya tilasta hanyoyin su haɗu a mita 10, sai ya ɗaga bakin bindiga da yawa, gama a cikin ɗan gajeren fili harsashi ya cike santimita 4 ɗin nan. Hawan bai tsaya nan ba. A mita 40 zuwa 50 harsashi yana bisa hanyar ido da santimita 6, bai kuwa sauko ba sai wajen mita 80. Santimita 6 ita ce tazarar da take tsakanin kafaɗar gyazbi da gadon bayansa.

Lissafin

Mutum ya fara yanke shawara a kan nisan da ya fi yin harbi. Ga ƙaramar bindiga irin ta kawuna, mita 50 ya yi daidai. Sai ya bi matakai uku.

Na ɗaya, ya haɗa tsayin madubi da faɗuwar harsashi a wannan nisa. Santimita 4 a tara da 12, ya zama 16. Wannan shi ne hawan da bututu zai yi a cikin mita 50.

Na biyu, ya raba hawan nan bisa ga nisan da zai kafa kwalinsa. Mita 25 rabin 50 ne, hawan ya zama 8. Mita 10 kashi ɗaya ne cikin biyar, hawan ya zama 3.2.

Na uku, ya ɗebe tsayin madubi, ya kuma ɗebe faɗuwar harsashi a wurin. A mita 25, a ɗebe 4 da 3 daga 8, saura 1. Watau harsashi ya kamata ya huda kwali santimita 1 a bisa alama. A mita 10 faɗuwar rabin santimita ce kawai. A ɗebe 4 da rabi daga 3.2, sai a ga an ci bashin 1.3. Watau hudar ta kamata ta kasance santimita 1.3 a ƙarƙashin alama.

Da muka bi wannan hanya, ga abin da muka rubuta wa bindigar kawuna:

A mita 5, ƙasa da alama da santimita 2 da rabi.
A mita 10, ƙasa da santimita 1.3.
A mita 16 zuwa 17, daidai alama.
A mita 25, sama da santimita 1.
A mita 33, sama da santimita 1.3, iyakar hawansa ke nan.
A mita 50, daidai alama kuma.
A mita 75, ƙasa da wajen santimita 9.
A mita 100, ƙasa da wajen santimita 25.

Mai karatu ya lura, daga mita 10 har ya ɗan wuce mita 50, harsashi bai rabu da hanyar ido fiye da faɗin yatsa ɗaya ba. Amfanin zaɓen mahaɗa mai kyau ke nan. A cikin wannan fili mutum ya auna inda yake so, ba sai ya yi wani lissafi ba. Ya lura kuma yadda abin yake lalacewa da sauri bayan mita 50. Wannan gargaɗi ne cewa ƙaramar bindiga ba ta harbin nesa ba ce.

Ga manyan bindigogi ma lissafin ɗaya ne. A Amurka, da Turai, da Afirka ta Kudu, masu farautar manyan namun daji suna amfani da irin su .308 Winchester, wadda ta fito a 1952. Harsashinta yana gudun wajen mita 850 a sakan, faɗuwarsa a mita 100 kuwa santimita 7 ce. A can ma mutane sukan fara gwaji a mita 25, domin kada harsashi ya kuskure kwalin gaba ɗaya. Wanda yake son mahaɗarsa ta zama mita 100, ya tara 4 da 7, ya sami 11. Rubu'in 11 ya kusa 3. Ya ɗebe 4 da ɗan abin da bai kai rabi ba. Sai ya ga hudar ta kamata ta zauna wajen santimita ɗaya da rabi a ƙarƙashin alama. In ya matsa sai ta faɗa tsakiya a mita 25, to, a mita 100 za ta wuce sama da santimita 6, ba za ta dawo ba sai kusan mita 200. Wannan ba laifi ba ne in da saninsa ya yi, gama waɗansu haka suke so. Laifin shi ne mutum ya yi bai sani ba.

Dokar da za a riƙe a ka ita ce, a kusa ƙwarai harsashi kullum yana ƙasa da inda ido ya duba. Wanda ya ga huda a ƙarƙashin alama a mita 10, kada ya yi gaggawar gyarawa. Watakila daidai take.

Ranar gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata Asabar muka koma ramin nan da kawuna, da tef na awo, da buhu biyu na yashi. Tef ɗin yana da muhimmanci, gama taki ba mita ba ne. Takin babban mutum wajen santimita 75 ne, saboda haka mita 50 ya kai taki 65 ko fiye. Muka kafa kwali a gindin gaɓar ramin, inda ƙasa mai laushi za ta haɗiye harsashi. Ya ɗora bindiga a kan buhunan domin kada hannu ya shiga cikin maganar.

A kan madubi akwai majuyi biyu, na sama domin hawa da sauka, na gefe domin dama da hagu. In ana juyawa yakan yi ƙas, ƙas. A jikin na kawuna an rubuta cewa kowane ƙas ɗaya rubu'in inci ne a yadi 100, watau wajen milimita 7 a mita 100. Waɗansu madubai kuwa santimita 1 ne a mita 100. A nan ma akwai tarko. Ƙas ɗin da yake matsar da huda milimita 7 a mita 100, a mita 50 rabin haka yake yi, a mita 25 kuwa bai kai milimita 2 ba. Mutum yakan juya sau uku, ya ga kamar ba abin da ya motsa, ya ce madubin ya lalace. Mu santimita 6 muke so mu saukar a mita 50, sai muka raba milimita 60 da 3 da rabi, muka sami 17. Kawu ya juya yana ƙidaya da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya.

Ya harba uku a mita 25. Ba a yin hukunci da harbi ɗaya, gama ko bindiga mai kyau ba ta sa harsashi biyu a rami guda. Akan harba uku, a dubi tsakiyarsu. Tsakiyar nasa ta zauna faɗin ɗan yatsa a bisa alama, kamar yadda takarda ta faɗa. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "Ashe alli ma yana harbi."

Duk da haka ba mu tsaya nan ba, muka mai da kwali mita 50. Dalili kuwa, kuskuren da yake ƙarami a kusa yakan girma a nesa. Rabin santimita a mita 25 ya zama santimita 1 a mita 50, ya zama 2 a mita 100. Banda haka, harsasai ba gudunsu ɗaya ba. Akwai na .22 masu gudu fiye da na kawuna, faɗuwarsu ba ta kai wadda na rubuta ba. Tsayin madubi ma ya bambanta daga bindiga zuwa bindiga. Lissafi yakan kawo mutum bakin ƙofa, amma sai an gwada akan san na ƙwarai. A mita 50 ya ƙara ƙas biyu zuwa hagu, shi ke nan. Dukan aikin harsashi 9 ya ci. A makon da ya yi yana fama shi kaɗai, ya ce ya ƙone fiye da 30, ga shi kuwa harsashi ba araha ba.

Haɗarin da yake gaban hanci

Akwai wani abu game da santimita 4 ɗin nan da ya fi batun nama nauyi. Mutum yana kwance a bayan kunyar rogo, ko dutse, ko reshe. Ya duba ta madubi, ya ga fili tas, gama madubi ya leƙa ta bisa abin. Amma bakin bindiga yana ƙasa, yana duban dutsen. Madubi kuma ba ya nuna abin da yake dab da shi sosai. In ya ja kunama, harsashi ya bugi dutse a taki ɗaya, ya karkace ya nufi inda ba wanda ya aike shi. Saboda haka kafin a sa ido a madubi, a fara duban abin da yake gaban bututu.

Haka nan kuma a tuna, harsashin da ya bi ta kan nama bai tsaya ba. Na ƙaramar .22 yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, na manyan bindigogi fiye da kilomita 3. Yakan kuma yi tsalle a kan ruwa da busasshiyar ƙasa, kamar yadda yara suke sa dutse ya yi tsalle a tafki. Gonakinmu kuwa ba daji ba ne. Bayan kowace gona akwai wata gona, akwai hanyar rafi, akwai rugar Fulani. Bindigar da take harbi sama da santimita 6 ba da sanin mai ita ba, kowane kuskurenta aike ne zuwa gonar maƙwabci. Kada a harba sai an ga tudu, ko gaɓa, ko suri a bayan abin da aka auna. Kada a yi gwaji a cikin gari, ko a jikin katanga, ko a jikin itace.

Ban rubuta wannan domin in sa wa kowa sha'awar bindiga ba. A Nijeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana mutum riƙe bindiga ba tare da lasisi ba. Akwai kuma wurare irin su gandun Yankari a Jihar Bauci inda aka hana farauta sam, da namun da doka ta tsare domin sun kusa ƙarewa. Wanda ba shi da izini, ya bar abin. Wanda yake da shi kuwa, ya ajiye bindiga ba harsashi a ciki, a kulle, harsasai a wani wuri dabam inda hannun yara ba ya kaiwa.

Ga 'yan'uwana malamai, ina ba da shawara ku gwada kwabo biyun nan a aji, ku kuma ba yara lissafin matakai uku su yi da kansu. Ba a bukatar bindiga, tulu mai huda a gefe ma yana nuna lanƙwasar, in ruwa yana tsartuwa. Na ga yaran da ba su son rabawa da ɗebewa sun natsu, don sun ga inda lissafi yake taɓa rai.

Ga masu farauta kuma, ku auna tsayin madubinku, ku auna filinku da tef, ku rubuta abin da kuka samu a 'yar takarda, ku manna a gindin bindiga. In kun sāke irin harsashi, ko bindiga ta faɗi, ko an kwance madubi, ku sāke gwaji kafin ku shiga gona. In nama ya wuce nisan da takardarku ta sani, ku sauke bindiga ku bar shi ya tafi.